Hutun iyali kusa da dutse mai aman wuta: wane gari ya dace da yara da tsohuwa?

Abban_Nana_Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so in kai iyali hutu idan an rufe lakwal, wato tsakanin Yuli da Satumba. Mu shida ne: ni da maiɗakina, yara uku masu shekara 11, 7 da 3, sai mahaifiyata da ke fama da hawan jini. Yaran sun karanta labarin dutse mai aman wuta, sun nace sai sun gani da ido. Ba hawan dutse za mu je yi ba. Gari nake so mai ni'ima, a zauna wuri guda kamar kwana goma, a ga dutsen daga ƙasa, a huta. An ambata mini Limbe a Kamaru, Moshi a Tanzaniya, da Yogyakarta a Indunusiya. Wanne ya fi, kuma daga nan Maradi ta ina ake tashi?

MalamSani_Tibiri:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a zaɓi gari, a duba biza. Mai fasfon Nijar yana cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai an cike takarda ta intanet, an tura ta ga shugabannin shige da fice na ƙasar sun amince tukuna. Su da kansu suna cewa a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada a sayi tikiti sai amsa ta fito. Kowane mutum da tasa takardar, har mai shekara 3. Inda mutane ke faɗawa shi ne su sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, ranar tashi ta zo biza ba ta fito ba. Idan Agusta kuke nufi, a watan Mayu ya kamata takardu su shiga.

Dan_Gulbi:
Limbe ta fi kusa, kuma dutsen can mai rai ne. Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Narkakken dutsen 1999 ya gangaro har ya tare hanyar da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau, wajen Bakingili, kuma har yanzu ana tsayawa a bakin titi a ga baƙin dutsen da ya daskare. Yaro zai taɓa shi da hannu ba tare da ya hau ko'ina ba. Ga yashin bakin teku baƙi wuluk, ga lambun itatuwa da Jamusawa suka kafa a 1892, ga gidan kula da birai a cikin gari. Daga Duwala kilomita 70 da ɗoriya ne. Jirgi kuma na kamfanin ASKY ne, ta Lome.

Hajiya_Mariama_AliDanSofo:
Dan_Gulbi, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka bar manyan abubuwa biyu. Na farko, Yuli da Agusta su ne tsakiyar daminar wannan gaɓar. Debundscha, ƙauyen da ke yamma da Limbe a gindin dutsen, yana samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, yana cikin wurare mafi ruwa a duniya. A watannin nan gajimare ke rufe dutsen, a wuni ana ruwa, yara su ƙare hutunsu a ɗakin otel. Lokacin Limbe daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Na biyu, garin yana cikin yankin Kudu maso Yamma, inda rikicin yankunan masu magana da Ingilishi yake tun 2016. Akwai zaman gida na dole ranar Litinin a garuruwan yankin da dama. Limbe ta fi maƙwabtanta kwanciya, amma ban ga dalilin kai tsohuwa da ƙananan yara can da sunan hutu ba.

Dan_Gulbi:
Maganar damina na karɓa, Hajiya. Wani abin kuma ga duk mai niyyar Kamaru ko a wane wata: sefarmu ba ta ciniki a can. Darajarsu ɗaya, duka biyun 655.957 ne a yuro guda, amma tamu ta BCEAO ce, babban bankin ƙasashen Yammacin Afirka, tasu ta BEAC, na Afirka ta Tsakiya. Sai an canza, kuma mai canji zai cire nasa.

Issoufou_Agence:
Bari in yi maganar hanya, don ita ke cinye ƙarfin iyali tun ba a isa ba. Daga Maradi zuwa Yamai kilomita 660 ne ko kusa da haka, ta Konni, Dogon Dutsi da Doso. Wuni guda ne cur a mota. Kada a haɗa wannan da tashin jirgi a rana ɗaya. A isa Yamai, a kwana biyu, Inna ta miƙe ƙafa, sannan a tashi. Haka ma a dawowa. Ke nan kwana gomanku ya zama sha huɗu a lissafin gida.

In Moshi za ku, daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai, jirgin kamfanin Ethiopian na zuwa Adis Ababa, daga can a sake jirgi zuwa filin Kilimanjaro, wanda ke tsakanin Moshi da Arusha, kamar kilomita 40 daga Moshi. A sayi tikitin a haɗe, lamba ɗaya tun daga Yamai. Amfaninsa: kaya su wuce kai tsaye, kuma in jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nemo muku na gaba. Wanda ya sayi tikiti biyu daban don rangwame, in ya rasa na biyu asararsa ce. A nemi keken guragu na Inna tun wajen sayen tikiti, ko aƙalla awa 48 kafin tashi, ko da tana tafiya da ƙafarta, saboda filin Adis yana da faɗi kuma masu keken ne ake fara shigarwa. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar shiga.

Yogyakarta kuwa jirgi uku ne mafi ƙaranci, da bambancin awa shida tsakaninsu da mu. Tanzaniya awa biyu kawai ta riga mu.

Laouali_DanIssa:
Me ya sa sai Yamai? Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba. Dan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, bai kai rabin tafiyar Yamai ba, kuma Ethiopian na tashi daga filin Malam Aminu Kano.

Issoufou_Agence:
Gaskiya ne Laouali, a kilomita Kano ta yi nasara. Sai dai ka ƙara ƙetare iyaka sau biyu da shingaye, ga yanayin tsaron wajen Jibiya da ke canzawa. Wanda zai bi nan ya fita da safe, ya tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar, kada ya yarda dare ya same shi. A tambayi farashin duka biyun a kwatanta, a haɗa da kuɗin masauki da na mota, ba tikiti kaɗai ba.

Ummu_Khalil:
Ni ina bayan Yogyakarta duk da nisan. Gari ne na Musulmi, ba ka tambayar yanka, masallaci ko'ina, har tashar jirgin ƙasa da kasuwannin zamani suna da ɗakin salla. Babban masallacin Kauman tun 1773 yake, kuma a unguwar ne Ahmad Dahlan ya kafa ƙungiyar Muhammadiyah a 1912. Dutsen Merapi yana arewa da gari kamar kilomita 30, yana cikin mafi motsi a Indunusiya. Yuli zuwa Satumba rani ne a can, sama garau, da asuba ake ganin ƙololuwar da hayaƙinta. Filin jirginsu sabo yana da nisa da gari, amma akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum tashar Tugu cikin minti 40 ko kusa. A kama masauki a cikin gari, a ɗauki mota wuni ɗaya zuwa Kaliurang a gindin dutsen, a dawo. Biza dai a nema tun daga gida.

Prof_Geo_Maradi:
Tunda an kawo Merapi, ya kamata a bambanta duwatsun nan, don ba haɗari iri ɗaya ba ne. Dutsen Kamaru narkakken dutse yake zubarwa, mai gangarowa a hankali, mutane kan samu lokacin kaucewa. Merapi kuwa narkakken nasa mai kauri ne, yana taruwa a baki ya yi tulu, in tulun ya rushe sai gajimaren toka da iska mai ƙuna ya gangaro cikin kwazazzabai da gudun da mota ba ta tsere masa. Shi ya kashe mutum fiye da 350 a 2010. Hukumar da ke sa ido a kansa tana da mataki huɗu: Normal, Waspada, Siaga, Awas. An ɗaga matakin Merapi zuwa na uku a Nuwamban 2020, kuma a irin wannan mataki ana hana kusantar ƙololuwa da kilomita da dama, musamman ta kwazazzaban kudu da kudu maso yamma. Cikin gari rayuwa na tafiya yadda ta saba. Abin da ke iya taɓa baƙo shi ne toka: tana sa a rufe filin jirgi, tana tada asma, tana karce ido. A riƙe takunkumin FFP2, na tsumma ba ya tare ta sosai. In ta shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta, kada a murza.

Kilimanjaro, dutsen da Moshi ke gindinsa, mita 5,895, barci yake yi. Ƙololuwa uku gare shi, Kibo, Mawenzi da Shira, biyun ƙarshe sun mutu. Dutsen Meru da ke kan Arusha ya wuce mita 4,500, motsinsa na ƙarshe a 1910 ne. To Alhaji, in yara hayaƙi suke son gani, a Moshi ba za su gan shi ba. A gaya musu tun a gida.

Abban_Nana_Zariya:
Malam na gode. Wannan ya sa na fara karkata ga Moshi, don kwanciyar hankalin Inna ya fi mini hayaƙi. Amma me yaro zai gani da zai gane cewa wuta ce ta yi wurin?

Prof_Geo_Maradi:
Akwai da yawa. Tafkin Duluti kusa da Arusha tsohon bakin aman wuta ne da ruwa ya cika, zagayayye kamar akushi. Tafkin Chala a kan iyakar Kenya ma haka, sai dai gangarensa tsaye ne, a kalla daga sama kawai. Cikin gandun dajin Arusha akwai ramin Ngurdoto, ana tsayawa a bakinsa a hango ɓauna a ƙasa. Kuma gefen gabas na Meru a ɓalle yake, ana ganin inda dutsen ya rushe tun zamanin da. Ita kanta baƙar ƙasar da ayaba da kofi ke fitowa a kai daga dutsen take.

Zeinabou_Mokoyo:
Ga yadda zan raba kwana goma a Moshi in da tsohuwa da ɗan shekara 3. Ranar isowa da washegari babu fita, sai zagayen gari da kasuwa. Daga nan fita ɗaya, hutu ɗaya. Gandun dajin Arusha ya fi dacewa da ku: kusa yake, a mota ake zagayawa, akwai raƙumin dawa, jakin dawa, birai masu baƙi da fari, da tafkunan Momella. Babu zaki a ciki, giwa ma ba kasafai ba. Mai son giwa sai gandun dajin Tarangire, amma ya wuce Arusha da fiye da kilomita 100, daga Moshi zuwa da dawowa a rana ɗaya wahala ce. A ƙofar gandun da kati ake biya, ba a karɓar tsabar kuɗi. Yaro ƙasa da shekara 5 ba ya biya, daga 5 zuwa 15 akwai ragi, kuma ɗan Nijar farashin baƙi yake biya, ragin ƴan ƙasa na Gabashin Afirka ne.

Mafaɗar ruwa ta Materuni kyakkyawa ce, amma daga inda mota ke tsayawa tafiyar ƙafa ce ta kusan minti 45 a turba mai santsi. Inna da ƙaramin su zauna a ƙauyen wajen masu soya kofi, manyan yaran su je da babansu. Maɓuɓɓugar Chemka ruwanta garai-garai ne har yana ruɗin ido, mutum ya ɗauka bai da zurfi alhali ya shanye babba, kuma yana gudu. Yaro ba ya shiga sai da rigar iyo mai hana nutsewa.

Dutsen kuma da sassafe ko dab da magariba yake bayyana, da rana gajimare ke lulluɓe shi. A tambayi otel ko ana hango shi daga rufin sama ko baranda kafin a biya. Agusta da Satumba sun fi Yuni da Yuli buɗewar sama.

Dr_Rabi_Madarumfa:
Ɓangaren lafiya. Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne ga wanda ya fito daga Nijar. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A duba sunan da ke katin ya yi daidai da na fasfo. In Inna ta haura 60 kuma ba a taɓa yi mata ba, likita ya duba ta tukuna, don a wannan shekarun allurar farko tana bukatar lura.

Tambaya mafi muhimmanci da ba wanda ya yi: akwai mai sikila a cikin yaran? Tudu, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ne masu tada ciwon. Moshi tana wajen mita 900, Arusha 1,400, filin jirgin Adis ya haura 2,300, kuma iskar cikin jirgi ma kamar ta tudu ce. In akwai, sai an ga likita kafin tikiti, kuma Moshi ta fi Arusha. Babban asibitin KCMC yana Moshi.

Maganin hawan jini ya shiga jakar hannu, na dukan tafiyar da ƙarin mako guda, cikin kwalinsa, tare da takardar likita mai sunan maganin na asali. Ta riƙa miƙewa tana takawa a jirgi, ta sha ruwa. Ga yara: farasitamol na ruwa, ma'aunin zafin jiki, ƙunshin gishirin zawo da zinc. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwan kwalba, zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. Akwai zazzaɓin cizon sauro a Moshi, a kwana cikin gidan sauro. A Yogyakarta zazzaɓin dengi ne abin tsoro, sauronsa da rana yake cizo, kuma in zazzaɓi ya zo a can ba a ba da asfirin ko ibuprofen, don suna ƙara zubar jini.

Abban_Nana_Zariya:
Alhamdulillahi babu mai sikila, an gwada su duka. Likita Allah ya saka da alheri.

Gwaggo_Hadiza:
To abinci fa? Tsohuwar da ta saba da tuwo da fura ba za ta kwana goma kan abincin otel ba. Ku kama gida mai madafa. Ku tafi da garin kunu, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa a ɗaure da kyau, da yaji. Garin masara akwai shi can, shi ne abincinsu. Har da kilishi in da hali.

Issoufou_Agence:
Gwaggo, gida mai madafa shawara ce mai kyau, kuma ga mutum shida ya fi ɗaki biyu na otel sauƙi. Kilishi dai a bar shi, nama ne, ana iya karɓe shi a kwastan. Sannan kada a ƙulle kayan miya a leda baƙa: Tanzaniya ta hana ledar cefane tun 1 ga Yuni 2019. A zuba a robobi masu murfi, a rubuta suna a jiki, a sa a babbar jaka.

Ustaz_Bagalam:
Abu biyu na ibada. Alƙibla a Moshi arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Wanda ya saba fuskantar gabas a Maradi zai yi kuskure in bai tambaya ba. A Yogyakarta yamma ce mai karkata arewa. Na biyu, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya daina ƙasaru, ya cika salla. Ke nan ƙasarunku a hanya ne, ba a masauki ba. Musulmi suna da yawa a Moshi da Arusha, akwai masallatan Juma'a a tsakiyar gari da mahauta Musulmi. A gidan gashin nama dai a tambaya, don wasu suna sayar da alade.

Dan_Tasawa:
Ni ban gane ba. Ga Ayar a ƙasarmu, akwai tsofaffin duwatsun aman wuta da suka mutu, ga ruwan zafi na Tafadek, ga lambunan Timiya da mafaɗar ruwanta, ga Bagzan da ya haura mita 2,000. Ba biza, ba canji.

MalamSani_Tibiri:
Duwatsun suna nan kam. Amma hanyar Tawa zuwa Agadas, da hanyar dutse zuwa Timiya, da batun rakiyar jami'an tsaro, ba hutun tsohuwa mai hawan jini ba ne. Kuma a damina koramu na yanke hanya. In ana neman inda biza ba ta da wahala, a duba Ruwanda: tun 2018 kowa na samunta a filin jirgin Kigali. Garin Musanze tafiyar awa biyu da ɗan kai ce daga Kigali, kan kwalta, duwatsun aman wuta biyar na Virunga a jere a gabanka, Karisimbi mai mita 4,507 shi ne babbansu. Yuni zuwa tsakiyar Satumba rani ne. Kuma ana samun masu jin Faransanci.

Dr_Rabi_Madarumfa:
Musanze tana wajen mita 1,850. Dare da sanyi sosai ga mutumin Maradi, kamar tsakiyar hunturu. Yawancin mutane ba sa jin ciwon tudu ƙasa da mita 2,500, amma mai hawan jini ta auna jininta safe da yamma a kwanakin farko. Rigunan sanyi da safa dole, ko Arusha ma a Yuli dare na sauka ƙasa da digiri 15.

Prof_Geo_Maradi:
Ƙari kan Ruwanda: ganin gorila sai mai shekara 15, don haka yaranku ba sa ciki. Abin da ya rage musu kogunan dutse na Musanze, waɗanda narkakken dutse ya bari, da tagwayen tafkuna Burera da Ruhondo. Kada wani ya ja ku zuwa garin Goma na Kwango don ganin dutsen Nyiragongo. Ya yi aman wuta a 2002 da kuma Mayun 2021, kuma garin na cikin yaƙin gabashin Kwango.

Ummu_Khalil:
Duk da haka a Musanze ma hayaƙin babu. Yaran abin da suka roƙa ke nan fa. Merapi kaɗai ke ba da shi cikin wuraren da za ku iya zuwa.

Zeinabou_Mokoyo:
Yaya Ummu Khalil, jirgi uku da ɗan shekara 3 da Inna, sannan kwana uku na farko barci a juye. Rabin hutun ya tafi. In da manyan yaran biyu ne kaɗai da iyayensu, da na bi bayanki.

Laouali_DanIssa:
Kuɗi: sefa ba ta canzuwa a Tanzaniya ko Ruwanda. A tafi da dala ko yuro, a canza zuwa kuɗin ƙasa a wurin canji mai lasisi, a karɓi rasit. Dala ta kasance sabuwar bugawa, daga 2009 zuwa sama, marar yagewa ko rubutu, tsofaffi ana ƙin su. A sanar da banki kafin tafiya don kada su toshe kati. A raba kuɗin tsakanin Alhaji da Hajiya. Soket na Tanzaniya mai baki uku ne irin na Ingila, cajarmu mai baki biyu zagayayye sai da adafta. A Tanzaniya mota a hagu take tafiya, a riƙe hannun yara wajen tsallaka titi, a fara duba dama. Kuma in kun yi alkawari da direba, a rubuta lokacin da lamba a waya, domin su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa: ƙarfe 7 na safe shi ne awa ɗaya a wurinsu.

Abban_Nana_Zariya:
Na rubuta duka. Zan fara shigar da takardun bizar Tanzaniya, in ta yi jinkiri mu juya Musanze tunda duka ta Adis ake bi. Issoufou, in har ni ban samu tafiya ba a ƙarshe, maiɗakina za ta iya fita da yaran ita da Inna?

Issoufou_Agence:
Za ta iya, Alhaji, amma da takardar izinin uba da hukuma ta buga wa hatimi, da kwafin katin shaidarka, da takardun haihuwar yaran uku. A yi kwafi biyu na kowace, ɗaya a jakarta, ɗaya a ta Inna. Sannan in kun sa sunanka a matsayin mai ɗaukar nauyi a takardar biza, a haɗa da wasiƙar da ta nuna haka, don a filin jirgi za a tambaye ta wa ke biyan masauki.